Motar Yuro 100 a wata: ina sauran kuɗɗin suke fitowa?

Ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 2024, gwamnatin ƙasar Faransa ta buɗe wani tsari na ba ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi hayar sabuwar mota mai aiki da lantarki bisa Yuro 100 a kowane wata. Shugaba Emmanuel Macron ne ya yi alkawarin haka lokacin yaƙin neman zaɓe na shekarar 2022. Magabatan ƙasar sun yi tanadin motoci 20.000 zuwa 25.000 domin shekara guda. Kafin mako bakwai ya cika an karɓi takardun mutane 50.000, sai aka rufe tsarin a tsakiyar watan Fabrairu.

Tun da Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655,957, Yuro 100 ya kama kusan sefa 65.600. A Faransa, inda mafi ƙarancin albashi a farkon 2024 ya kusa Yuro 1.400 bayan an cire abin da ake cirewa, wannan kuɗɗi kaɗan ne ƙwarai. A Nijar kuwa ya zarce mafi ƙarancin albashi, wanda aka kai sefa 42.000. Amma darasin da ke cikin al'amarin ya shafi duk wanda aka taɓa nuna wa kaya aka ce ya ɗauka ya riƙa biya wata-wata, ko mota ce, ko babur, ko injin niƙa.

IRIN HAYAR DA AKE MAGANA

Hayar nan iri biyu ce. Ta farko ita ce haya mai dogon wa'adi, wadda Faransawa suke taƙaita sunanta LLD. Mutum yana hawan motar shekara 2 zuwa 5, yana biya kowane wata, in wa'adi ya cika ya maida ta ga masu ita. Ta biyu ita ce haya mai zaɓin saye, watau LOA. A cikinta tun ranar sa hannu ake rubuta kuɗɗin da mai haya zai cika in yana son motar ta zama tasa a ƙarshen wa'adi. A iri biyun, muddin ana cikin haya, motar ta kampanin da ya zuba kuɗɗi ce. Galibi wannan kampani reshe ne na masu ƙera motar: Renault yana da Mobilize Financial Services, rukunin Stellantis mai Peugeot da Citroën da Fiat shi ma yana da nasa. A shekarun 2023 da 2024, fiye da rabin sababbin motocin da ɗaiɗaikun mutane suka ɗauka a Faransa ta hanyar haya suka ɗauke su.

YADDA AKE ƘULLA KUƊƊIN WATA

Abu uku ne suke haɗuwa su ba da kuɗɗin wata: farashin motar ranar da aka ɗauke ta, darajar da ake zaton za ta rage mata a ƙarshen wa'adi, da kuɗɗin ruwa. Mai haya yana biyan tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu, watau faɗuwar darajar motar, sannan a ɗora masa ruwa.

Ga misali domin a gane. A ce farashin mota sefa miliyan 15 ne, kampani kuma ya ƙiyasta bayan wata 36 za ta yi miliyan 8. Faɗuwar daraja miliyan 7 ke nan; in an raba ta gida 36, kowane wata ya kama kusan 194.500. Kuɗɗin da kampani ya zuba suna raguwa daga miliyan 15 zuwa miliyan 8, matsakaicinsu miliyan 11 da rabi. In ruwa kashi 6 bisa ɗari ne a shekara, sai a ƙara 57.500 a wata. Jimla kusan 252.000.

Daga nan za a fahimci abin da yake ba mutane da yawa mamaki. Motoci biyu masu farashi ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen kuɗɗin haya, domin wadda take riƙe darajarta a kasuwar motocin hannu hayarta ta fi sauƙi. Hakanan kuma kampani yana iya rage kuɗɗin wata ba tare da ya rage farashi ba, ta hanyar ɗaga darajar ƙarshe bisa takarda. Wanda zai maida motar ya ci riba da wannan. Wanda yake da niyyar saye kuwa zai tarar da babban kuɗɗi yana jiransa ranar da wa'adi ya cika.

RANGWAME NA GASKIYA DA NA TALLA

A koma ga misalin nan. Dillali na farko ya yi ragin miliyan 1 bisa farashi, bai nemi kome a hannu ba. Kuɗɗin wata sun sauko zuwa kusan 222.000. Dillali na biyu bai rage ko dala ba, amma ya nemi a zuba miliyan 2 ranar farko, sai ya rubuta 191.000 a wata da manyan baƙaƙe bisa allon talla. Ido zai fi karkata ga na biyu. In aka yi lissafin wata 36, na farko ya tashi 7.992.000, na biyu kuma 6.876.000 da miliyan 2 na farko, watau 8.876.000. Wanda ya bi allon talla ya yi hasarar 884.000. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan arahar ma ba ta samu ba.

Saboda haka duk wanda yake son ya gwada tayi biyu, sai ya tara kuɗɗin farko, da na dukan watanni, da na buɗe takardu, ya raba bisa yawan watanni. Abin da ya fito shi ne kuɗɗin wata na gaskiya.

Rangwamen da gidajen saida motoci suke yi yana da mafari dabam-dabam. Akwai wanda dillali yake cirewa daga ribarsa. Akwai wanda masu ƙera mota suke bayarwa domin a rabu da samfurin da ya daɗe a ajiye, ko wanda sabonsa yake gab da fitowa. Akwai tukuicin da suke ba dillali in ya cika adadin motocin da aka ɗora masa a wata ko a wata uku, shi ya sa ciniki ya fi laushi a ƙarshen wata da ƙarshen shekara. Akwai kuma ƙarin da ake yi bisa tsohuwar motar da mai saye ya kawo musaya, wanda sau da yawa ake maida shi ta hanyar hana ragi bisa sabuwar. Sannan dillali yana samun la'ada daga kampanin kuɗɗi a kan kowace yarjejeniyar haya, da inshora, da kwangilar gyara da ya haɗa wa mai haya. Wannan la'ada ce take sa a wani lokaci a fi yi wa mai haya ragi bisa mai kuɗɗi hannu. Ruwa ba ya tsami banza.

WA YA BIYA SAURAN A FARANSA?

Da wannan ma'auni za a iya auna motar Yuro 100. A 2024 gwamnati ta zuba har Yuro 13.000 a kan kowace mota, kusan sefa miliyan 8 da rabi, a matsayin kuɗɗin farko. In aka raba 13.000 bisa wata 36, ya kama Yuro 361 a wata. Ashe motar da aka yi wa shelar Yuro 100 ta tashi kusan Yuro 460 a wata, mai haya ya biya ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, baitulmali ya ɗauki sauran. Da wannan taimako ne kampanoni suka yi ta gasar talla: Renault Twingo mai lantarki Yuro 40, Citroën ë-C3 Yuro 54, manyan motocin iyali kuma har Yuro 150. Motoci 50.000 bisa Yuro 13.000 sun kama Yuro miliyan 650, fiye da sefa miliyar 420.

An gindaya sharuɗɗa. Sai wanda kuɗɗin shigarsa na shekara bai wuce Yuro 15.400 ba bisa kowane kaso na iyali kamar yadda ma'aikatar haraji take lissafawa, kuma tsakanin gidansa da wurin aiki ya fi kilomita 15, ko yana yin fiye da kilomita 8.000 a shekara saboda aiki. Wa'adin haya aƙalla shekara 3 ne. Inshora ba ta cikin Yuro 100, mai haya ne yake biyan ta dabam.

Dillalai ma sun ji jiki. Su ne suka fara fidda kuɗɗin taimakon daga aljihunsu suna jiran hukuma ta maida musu, kuma ƙungiyarsu mai suna Mobilians ta yi ta kuka a 2024 dangance da jinkirin biya. Gidan da ya ba da mota 100 ya ranta wa gwamnati Yuro miliyan 1 da 300.000 ke nan.

Da aka sake buɗe tsarin ranar 30 ga Satumba 2025, an rage taimakon zuwa Yuro 7.000 mafi yawa, an tanadi kusan Yuro miliyan 370 domin motoci 50.000, aka kuma ɗora nauyin bisa kampanonin saida makamashi maimakon kasafin kuɗɗin ƙasa. Iyakar kuɗɗin wata ta koma Yuro 200. Lissafi ya nuna dalili: Yuro 6.000 da aka janye, in an raba su bisa wata 36, sun kama kusan Yuro 167 a wata, kuma dole wani ya ɗauke su, ko mai haya, ko dillali, ko masu ƙera motar.

RANAR MAIDA MOTA

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kowace yarjejeniya tana ƙayyade kilomitocin da za a yi. A tsarin Faransa an wajabta aƙalla 12.000 a shekara. Kowane kilomita da ya hau bisa wannan ana biyansa. Ana kuma duba jikin motar, a lissafa ƙarzuwa da lotsawa da yagewar kujera, a kawo takardar biya. Wanda ya so ya fita kafin wa'adi, saboda aiki ya ƙare ko ciwo ya kama shi, galibi akwai tara mai nauyi, sai fa in yarjejeniya ta tanadi mafita.

Shi ma kampani yana cikin haɗari, domin darajar ƙarshe zato ce. A 2023 kampanin Tesla ya karya farashin sababbin motocinsa sau da dama, darajar na hannu ta faɗi tare da su. A Janairu 2024 kampanin hayar motoci na Amurka, Hertz, ya ba da sanarwar saida motocin lantarki 20.000, ya ambaci tsadar gyara da faɗuwar daraja. Duk lokacin da irin haka ta faru, kampanoni sukan rage darajar ƙarshe a sababbin yarjejeniyoyi, kuɗɗin wata su hau.

Wani giɓi kuma shi ne na ruwa. Shekara da shekaru dokar Faransa ba ta tilasta wa masu LOA su rubuta adadin ruwan shekara ba, alhali ta tilasta haka ga bashin banki. Tarayyar Turai ta zartar da ƙa'ida a 2023 wadda ta shigar da irin wannan haya cikin dokokin bashi, aka tsaida 20 ga Nuwamba 2026 ranar fara aiki da ita.

ABIN DA YA SHAFI NIJAR

Galibin motocin da suke yawo a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa na hannu ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 bisa ɗari sun nufo Afirka. Motar da aka maida bayan haya tana shiga kasuwar hannu ta Turai, wani sashe kuma yakan gangaro tashoshin ruwa irin na Kwatano da Lome bayan shekaru. Gwargwadon yadda motocin lantarki suke yawa a cikin hayar Turai, haka za su yawaita a cikin abin da zai iso nan gaba, tare da tambayar lafiyar baturinsu, da wurin cajinsu, da makanikan da suka san gyaransu.

Biya wata-wata kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar. Ma'aikaci yana ɗaukar mota ta hanyar banki a riƙa cirewa daga albashi. Ɗan kabu-kabu yana karɓar babur ya riƙa zubi kullum har ya zama nasa. Bankunan Musulunci suna da ijara, wadda malaman fiƙihu suka shardanta cewa mai kaya ne yake ɗaukar hasarar kayansa muddin mai haya bai yi sakaci ba. A 2014 iyakar ruwan da ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka tsaida ta fara aiki, kashi 15 bisa ɗari ga bankuna, 24 ga ƙananan gidajen ba da bashi. Iyaka irin wannan ba ta kare wanda ba a gaya masa adadin ruwan da aka ɗora masa ba.

Saboda haka ya kamata mai niyyar sa hannu ya nemi a rubuta masa abu biyar: farashin kayan in za a biya hannu da hannu, kuɗɗin farko, jimlar abin da zai biya har ƙarshe, abin da zai cika kafin kayan su zama nasa, da hukuncin da zai hau kansa in ya kasa biyan wata ɗaya ko biyu. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya kai takardar ga malamin yaƙi da jahilci ko wani amintacce su karanta tare. Su kuma ma'aikatan da suke sayen motocin ma'aikatu da na ayyukan raya ƙasa, wajibi ne su gwada tayin haya da na saye bisa jimlar shekaru, su kuma duba kilomitocin da aka ƙayyade. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Motar da aka ba kilomita 12.000 a shekara, zuwa da komowa sau bakwai sun cinye rabonta.