Daga Tafo: "Mama ya tafi kasuwa"

Makon jiya na kira Hajiya a Sakkwato, na miƙa wa ɗiyata mai shekara 14 wayar su gaisa. Sai ta ce, "Kaka, Mama ya tafi Kejetia." Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Yaushe uwarki ta koma namiji?" Wallahi kunya ta kama ni.

To amma laifin wa? Hausar zango haka take, mace da namiji duk "ya" ne. A makaranta Turanci, a kasuwa Twi, cikin ƙawaye kuwa sai buroka.

Abin da na lura, a waɗannan shekarun ne yaro ke fara gane habaici da karin magana. Tana 'yar shekara 7 na taɓa cewa ruwa ba ya tsami banza, sai ta je ta leƙa randa. Yanzu tambaya take, "Baba, da wa kake?"

Na daina yi mata gyara gaban ƙawayenta, don da na kunyata ta sai ta koma Twi. Yanzu kowace Juma'a Hajiya kan ba ta karin magana ɗaya ta waya. "Ya" ɗin dai yana nan.