Harbin tsaye ne ke tona asirin maharbi

A gasar harbi ta Camp Perry da ke jihar Ohio a Amurka, wadda ake yi tun 1907, ɗan takara yakan fara ne a tsaye daga nisan yadi 200, ba abin jingina, kafin ya zauna, daga baya ya kwanta rub da ciki ya auna allo daga yadi 300 da 600. Da yawa daga masu sha'awar harbin nesa sun ɗauki wannan zango na farko kamar haraji, a biya a wuce. A ganina sun juya lamarin ne, domin nan ne ya kamata yawancin atisayensu ya tafi.

Wanda ya kwanta, ƙasa ce ke ɗauke masa rabin aikin. Gwiwoyin hannunsa sun kafu, bindiga ta samu mazauni, ko ya ɗan fizgi kunama ba lallai allo ya nuna ba. A tsaye kuwa bakin bindiga ba ya taɓa tsayawa cak. Numfashi na motsa shi, bugun zuciya na motsa shi. Sabon shiga yakan jira saiti ya gifta tsakiyar allo sai ya fizge, harsashi ya tafi inda Allah ya nufa. Gwani ya riga ya yi sulhu da wannan rawa. Za ka gan shi ya turo kwatangwalo gaba, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari don ƙashi ya ɗauki nauyin maimakon tsoka, yana matsa kunama a hankali har harbin ya fita. In ya ji numfashin da ya riƙe ya fara ƙure masa, sai ya sauke bindigar ya sake sabon lale, abin da girman kai ke hana mutane da yawa.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi. A Bisley ta Ingila, inda ake harbi har daga yadi 1,000, kowa kwance yake, kuma iska ce ke raba gardama. Gaskiya ne, tsayuwa ba ta koya wa kowa karatun iska. Sai dai iska ta zama uwar uzuri: maharbin da yatsansa bai horu ba zai yi shekaru yana ɗora mata laifin da nasa ne. Karkatar da ke gusar da harsashi santimita 3 a mita 100 za ta gusar da shi santimita 30 a mita 1,000. Cewa kuma nesa da tsayuwa ba sa haɗuwa, wata gasa da ta samo asali daga Meziko ta ƙaryata shi. Can a tsaye ake harbin siffofin dabbobi na ƙarfe, kaji a mita 200, aladu a 300, talo-talo a 385, raguna a 500, kuma sai ragon ya faɗi ake ƙirga maka.

Wasu za su ce ai ko gwanaye tsayuwa na kayar da su, su kawo Matthew Emmons na Amurka. A gasar Olamfik ta Atina a 2004 yana kan gaba, harbinsa na ƙarshe ya tafi allon maƙwabcinsa. A Beijin a 2008, yana kan gaba kuma, ya samu maki 4.4 a harbin ƙarshe, zinare ya kuɓuce. Duka biyun a tsaye. To ai wannan hujjata ce: inda ake zubar da lambar yabo, nan ya cancanci gumi.

Kukan tsadar harsashi ma ba ya tsayawa. Ana iya yin atisayen da bindigar da aka tabbatar babu komai cikinta, a manna ɗigon baƙi a bango, a ɗana, a matsa, a lura ko saiti ya goce lokacin da kunama ta saki. Mai son shaida a takarda ya nemi bindigar iska ta mita 10, wadda tsakiyar allonta faɗin rabin milimita ne kacal.