Hazon Hunturu da Idon Tauraron Ɗan Adam

Idan hunturu ya kama, gari ya rufe da hazo, Bahaushe kan ce iska ce ta taso daga arewa, iyakar bayaninsa ke nan. To, amma masana sun daɗe da gano cewa galibin wannan ƙura daga wani kwari take tasowa, watau Bodele, a arewacin ƙasar Cadi. Kwarin nan tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alkama. Iska kan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashe ta, har kwana kusan 100 a shekara.

Taurarin ɗan Adam kuwa suna kallon abin tun daga tashinsa. Alal misali, Meteosat na Turawa, wanda aka harba na farkonsa a 1977, yana tsaye ne kilomita wajen 36,000 a bisa Afirka, kuma na zamanin nan kan aiko da hoto kowane minti 15, ko ƙasa da haka. Shi kuma CALIPSO, wanda Amurka da Faransa suka harba a 2006 ya yi aiki har 2023, haske yakan cilla cikin iska, ya auna tsayin ƙurar da kaurinta. Da awonsa ne aka ƙiyasta a 2015 cewa tan miliyan 182 na ƙurar Sahara kan fice ta gaɓar yammacin Afirka duk shekara, wajen tan miliyan 27 kuma su sauka a dajin Amazon su zame masa taki. Ikon Allah ke nan!

Abin takaicin shi ne, ƙurar kan yi kwana ɗaya ko biyu a hanya kafin ta iso Kano ko Damagaram, amma mai ciwon asma da direban babbar mota sai dai su wayi gari su gan ta. Bugu da ƙari, lokacin ƙura da bushewar iska shi ne lokacin sanƙarau, cutar da ta hallaka mutum sama da 11,000 a Nijeriya a 1996. Ashe kuwa bai kamata gargaɗin hazo ya tsaya a takardun Turanci da filayen jirgin sama ba. Wajibi ne gidajen rediyo su riƙa karanta shi da Hausa kowace safiya, kamar yadda suke karanta sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, sassan Hausa na jami'o'i kuma su samar musu da kalmomin da za su yi amfani da su.