Gonakin da Garma Ke Tono Sojoji

Da yawanmu idan an yi hutu gona muke tafiya, kuma idan fartanya ta daki wani abu mai tauri, iyakarta dutse ko tsohon kasko. To, a arewacin Faransa da yammacin Beljiyam ba haka abin yake ba. Manomi yana huɗa sai garmar tarakta ta tono harsashin igwa da bai fashe ba tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato 1914 zuwa 1918. Sai ya ajiye shi a bakin gona, masu kwance bam su zo su ɗauka. Wani lokaci kuma ƙasusuwan mutum ne.

Waɗannan gonaki na alkama da dankali su ne filin dagar. A yankin kogin Som, ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, an kashe sojojin Birtaniya sama da dubu goma sha tara. Ba a mayar da gawarwakin gida ba. An binne su kusa da inda suka faɗi, shi ya sa har yau za ka ga ƙaramar makabarta a tsakiyar gona, da katanga da 'yar hanyar ciyawa, manomi yana noma kewaye da ita bai taɓa ko taku ɗaya ba. Hukumar da aka kafa a 1917 don kula da su ta sa doka: dutsen kabarin janar da na kurtu iri ɗaya ne. A wasu makabartun Faransa kuma akwai ɓangaren Musulmi daga Aljeriya da Maroko da Senegal, duwatsunsu da rubutun Larabci, suna fuskantar alƙibla.

A 2009, kusa da ƙauyen Foromel, aka tono gawarwaki 250 na sojojin Ostareliya da Birtaniya da Jamusawa suka binne a ramuka tun 1916. Aka nemo dangi, aka yi gwajin ƙwayoyin halitta, da yawansu suka sami sunayensu bayan shekara casa'in da 'yan kai. Ku dubi irin wahalar da aka sha saboda suna kawai!

Abin da ya sa muka kawo wannan zance shi ne, mu ma muna cikin yaƙin nan. Sojojin Najeriya, da yawa daga Arewa, sun yi yaƙi a Kamaru, suna cikin waɗanda suka ci Garwa a 1915, daga nan aka kai su Gabashin Afirka. A Yaƙi na Biyu kuma aka kai su Bama. Amma dokar nan ta daidaito ba ta iso gare su yadda ya kamata ba. A 2021 ita kanta hukumar ta fitar da rahoto, ta amsa cewa aƙalla mutum dubu ɗari da goma sha shida, galibi 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba, wasu ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Gwamnatin Birtaniya ta nemi gafara a majalisa.

Mu dai a al'adarmu ba a ƙawata kabari, kuma ba mu ce a fara ba. Amma rashin gini daban, ɓacewar suna daban. Kowace 15 ga Janairu ana faretin tunawa da 'yan mazan jiya, mu kuwa ko sunan mutum ɗaya na garinmu ba ma iya faɗa.

Ga aikin wannan mako. Ku sami kaka ko wani dattijon unguwa, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaya: wa ya tafi yaƙin Bama daga nan, wa ya dawo, wa aka daina jin ɗuriyarsa? Ku rubuta sunan da garin, ku kai wa malamin tarihi.