Filin Kwamfuta: Idan Shafi Ya Ƙi Buɗewa, Ga Shi Kwamfutar Ba Taka Ba

Da yawa daga cikinmu a kwamfutar ofis ko ta makaranta ko ta shagon intanet muke aiki, inda ba mu da ikon canza komai sai da kalmar sirrin mai kula da ita. To, sai mutum ya zo buɗe shafin banki ko na rajistar jarrabawa, burauza ta fito masa da gargaɗi da Turanci ko Faransanci cewa haɗin ba shi da tsaro. Yaya za a yi ke nan?

Da farko mu san mafarin abin. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida, wadda wani kamfani amintacce ya sa wa hannu, kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Burauza tana duba ta kamar yadda jami'in kan iyaka yake duba fasfo. In ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta tsayar da kai.

Gwajin farko ba ya bukatar izinin kowa. Buɗe wasu shafuka biyu ko uku, sa'an nan ka gwada wancan shafin a wayarka da datarka. In a wayar ma ya ƙi, laifin na masu shafin ne, sai haƙuri har su sabunta takardarsu. In kuwa ya buɗe a waya, to, matsalar tana cikin kwamfutar ko layin da take kai.

Na biyu, dubi kwanan wata a ƙasan allo. Tsohuwar kwamfuta tana da ɗan batir kamar kwabo wanda ke riƙe mata agogo. Idan ya mutu sai ta koma shekarun baya, ta ɗauki takarda mai kyau a matsayin wadda lokacinta bai yi ba. Chrome yakan rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID a irin wannan hali. A Windows, mai ƙaramin izini ba ya iya gyara kwanan wata, saboda haka wannan aikin mai kula da kwamfutar ne.

Na uku, in wayifai ɗin otal ko na makaranta ne, wataƙila akwai shafin shiga da ke jiran ka sa lamba ko ka amince da sharuɗɗa. Cire haɗin ka sake haɗawa, shafin zai fito.

Na huɗu shi ne tsufa. Ranar 30 ga Satumba 2021 wata babbar takarda da kamfanin Let's Encrypt ya dogara da ita ta ƙare, na'urori da dama da ba a sabunta ba suka daina buɗe shafuka masu yawa. Haka kuma Chrome ya daina sabunta kansa a kan Windows 7 tun farkon 2023. In akwai Firefox a kwamfutar, gwada shi, domin yana tafe da nasa jerin takardun amintattu. Ana iya sa shi ba tare da kalmar sirrin mai kula ba, amma a kayan ofis sai a nemi izini tukuna, kada gyara ya jawo wa mutum takardar tuhuma.

Abin da muke roƙo shi ne, kada a danna wurin da aka ce a ci gaba duk da haka, muddin shafin na kuɗi ne ko na kalmar sirri. Wani lokaci gargaɗin yana nufin akwai wanda ya shiga tsakaninka da shafin, yana iya karanta duk abin da ka rubuta. Rigakafi ya fi magani.

In duk an gwada abin ya faskara, kwafi lambar kuskuren da adireshin shafin a takarda, ka kai wa mai kula da kwamfutar. Wannan zai rage masa lalube, kai ma aikinka ya yi sauri. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.