Ka Biya Kuɗin APEE, To Aji Nawa Ɗanka Yake?

A makon nan an kira taron iyayen yara a wata firamare ta gwamnati a nan Tibati, irin babban taron nan da ake karanta lissafin bara a yanka kuɗin bana. An aika yara da saƙo gida-gida, an kuma yi sanarwa a masallaci. Ranar taro aka fito da bencina aka jera ƙarƙashin mangwaro. Makaranta ce mai ɗaruruwan yara, amma magidantan da suka zo ba su cika benci uku ba, a cikinsu ma har da 'yan kwamitin da dole ce ta kawo su. Sauran duk mata ne, sai wasu samari da aka turo wai su wakilci baba, suna gefe suna latsa waya. Cikin awa guda aka karanta lissafi da Faransanci, aka ƙara kuɗi, aka tafa, aka watse. Da yamma na bi ta tasha, sai ga waɗanda ba su je ba sun cika teburin mai shayi, suna ta zagin direkta wai ɓarawo ne.

Zagin nan ne ya tsaya mini a rai. Ban zo wanke direkta ba, don ban ga littafin ma'aji ba, balle in rantse. Abin da nake tambaya shi ne, malam, kai da aka kira ka ka ƙi zuwa, a ina ka ga satar? A teburin shayi?

Bari in tuna wa masu saurin mantuwa yadda muka iso nan. Ranar 10 ga Fabrairun 2000, a jawabinsa na jajibirin bikin matasa, Shugaba Paul Biya ya ce an soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati. A Fabrairun 2001 aka fitar da dokar da ta tabbatar da hakan, ta kuma kafa majalisar makaranta wadda iyaye ke da kujeru a cikinta. Kowa ya yi murna. Amma alli ba ya sayen kansa. 'Yan kayan aikin nan da gwamnati ke rabawa, waɗanda yanzu suke biyowa ta hannun magajin gari, sau da yawa sai karatu ya yi nisa suke isowa, in sun iso ma ba sa kaiwa ko'ina. Malaman da aka ɗauka ba su isa ba. Wani an turo shi daga kudu, ya zo ya sa hannu ya ga hanyar ƙauyen da aka ba shi, ya koma Yawunde neman canji. Da aka rasa yadda za a yi, sai iyaye suka shiga ɗaukar nasu malaman, waɗanda muke kira malaman iyaye, ana biyansu daga kuɗin APEE, wato ƙungiyar iyayen yara da malamai. Ka fita bayan gari ka nufi Mbakau ko hanyar Yoko, za ka tarar da makarantar da direkta kaɗai ne ma'aikacin gwamnati, sauran duk aljihun iyaye ne ke riƙe da su.

Ma'anar wannan a fili take. Kuɗin nan da kake miƙawa kana tsaki, albashin wanda ke koya wa ɗanka karatu ne, da bencin da yake zama a kai, da kwanon da iska ta yaye a damina. Kai ne uban gidan metir, wato malamin aji, ko ka sani ko ba ka sani ba. A ƙasar nan tamu ta shanu, wanda ya ba makiyayi kiwon saniya uku ba ya wata guda bai hau babur ya je ruga ya ƙirga su ba. Ya san wadda ta yi ciki, ya san wadda ta rame, ya sayi kanwa da allura da kuɗinsa. Mutumin nan kuwa yana da 'ya'ya shida a lekol, wato makarantar boko, ka tambaye shi sunan malamin ko ɗaya daga ciki, sai ya ce bari a kira uwarsu.

Ga inda abin ya fi yi mini ciwo, kuma masu bin wannan fili sun san ba yau na fara ba: takardar haihuwa, akta. Duk shekara idan lokacin haɗa takardun jarrabawar kammala firamare, wato CEP, da ta shiga sakandare ya zo, labarin ɗaya ne. Direkta ya shiga aji shida, wato CM2, ya ce kowa ya kawo akta. Yara su koma gida. Uba ya ce wace akta kuma? A buɗe akwati, a zazzage jakar takardu, a samu rasit ɗin babur da katin zaɓe da takardar fili, ta yaro babu. Yaro ya yi shekara shida yana sammako, tun daga aji ɗaya, wato SIL, wani ma shi ne na ɗaya a ajinsu, amma a wurin hukuma ba a taɓa haifarsa ba.

Wani maƙwabcina, mutumin kirki, mai sana'ar kifi, haka ta faru da shi bara. Ya zo mini da dare ransa a ɓace, ya ce: "Malam, ka ji zalunci? Wai sun ce yarinyar nan ba za ta yi jarrabawa ba." Na ce: "Alhaji, ranar sunanta rago nawa ka yanka?" Ya ce biyu. Na ce: "Daga gidanka zuwa meri tafiyar minti nawa ce?" Ya yi shiru. Ya tara jama'a ranar bakwai, an ci an sha, an raba goro, maroƙa sun samu nasu, unguwa duka ta shaida sunan yarinya. Meri, wato ofishin magajin gari, da zai rubuta sunan nan kyauta ne kaɗai ba a gaya wa ba. Doka ta ba da kwana 90. In a asibiti aka haihu, asibitin ne ke fara kai rahoto cikin kwana 30, in bai kai ba iyaye na da sauran 60. Wata uku cur. Wanda ya bari lokaci ya ƙure masa da nisa, sai hukuncin kotu. Nan ne alhajina ya san ana wahala: likita ya duba yarinya ya ƙiyasta shekarunta, meri ta ba da shaidar cewa ba a taɓa rubuta ta ba, a nemo shaidu, a sayi tambura, a jira ranar zama. Ya bar kifinsa a bakin ruwa yana zirga-zirga tsakanin ofisoshi, ga 'yan kamasho sun yi masa caa, kowa na cewa kawo kaza in gaggauta maka. Abin da ya kashe ya fi kuɗin ragunan nan biyu zafi, kuma duk da haka aka rufe rajista takarda ba ta fito ba. Yarinya ta maimaita aji. Allah ya sa uwarta mace ce tsayayya, da tuni an ce tunda ta zauna a gida a kawo miji. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar muke neman wuƙa.

Ba Tibati kaɗai ba ce. Ma'aikatar ilimin firamare da kanta ta sha faɗa cewa yaran da ke makaranta ba su da akta a Kamaru sun haura miliyan ɗaya, kuma jihohin nan da aka sa wa suna na fifiko a harkar ilimi, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa da Gabas, su ne kan gaba. Akan shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka don a rage jibgin, a yi wa yara hukunci a taro ɗaya da sauƙin kuɗi. To a ina ake sanar da ranar? A makaranta, a irin taron nan da ka ce ba ka da lokacinsa. Uban da yake leƙa lekol tun yaro na aji ɗaya, tun ranar rajista za a ce masa akwai abin da ya rage, ya samu shekara biyar na gyarawa a tsanake.

Abin mamaki, mu ba mutanen da ba su san bin sawun karatun yaro ba ne. Dubi makarantar allo. Uba da kansa yake kama hannun yaro ya kai shi gaban malam. Ya san kuɗin Laraba, ya san izu nawa yaro ya kai, in yaro ya yi fashi kwana biyu malam ya aiko, kafin magariba an ji dalili. Ranar sauka kuwa sai wanda ya gani. Wannan tarbiyya tamu ce, kakanninmu da suka zo garin nan fatauci tun zamanin lamiɓɓen farko, wato sarakunan garin, da ita suka zo, kuma ina alfahari da ita. To me ya sa idan aka zo ƙofar lekol sai ƙafa ta yi nauyi? Yaron ɗaya ne, amanar ɗaya ce, kuma wanda zai tambaye ka ita gobe kiyama bai raba maka ita gida biyu ba.

Kada wani ya ce mini boko ta 'yan kudu ce. Wannan magana ta tsufa. Daga 2004 zuwa farkon 2019, ma'aikatar ilimin firamare ta ƙasar nan a hannun mata biyu 'yan Garwa take, Haman Adama sannan Youssouf Hadidja Alim. Jami'a ta zo Ngaundare a 1993, ta je Marwa a 2008, ta sauka Garwa a 2022. An kawo mana ita har ƙofar gida. Amma hanyar shiga ɗaya ce, ta aji shida take bi, kuma mai gadin wurin takarda yake tambaya. Mu ne za mu zauna gobe muna ƙorafi cewa likita baƙo, alƙali baƙo, mai auna fili baƙo, ba a ɗaukar 'ya'yanmu. Wane ɗa za a ɗauka? Wanda ka cire a aji huɗu ka tura bakin dam jan koma, ko wadda ka ɗora wa farantin talla ranar jarrabawa?

Na san abin da za a ce: talauci, kasuwa ba ta jira, kuma taron da Faransanci ake yi, mutum ya je ya zauna kamar gunki. Na yarda da na ƙarshen, kuma laifin 'yan kwamiti ne, amma maganinsa shi ne ka je ka miƙe ka ce a fassara da Fulatanci da Hausa, in kun kai ku talatin wallahi sai an fassara. Maganar lokaci kuwa, a bar ta kawai. Wanda ke kwana biyu a hanyar Banyo don ɗaurin auren ɗan abokin ciniki, wanda ba a taɓa taron siyasa an raba riga da dubu biyu babu shi ba, ba shi ne zai ce mini awa biyu a shekara sun gagare shi ba. Ba rashin lokaci ba ne. Raini ne, kuma ɗanka kake rainawa.

Su ma 'yan kwamitin ba zan ƙyale su ba. Akwai shugaban APEE da autansa ya gama makarantar tun tuni, amma yana nan daram a kujera, shi da ma'aji kamar an ɗaura musu aure. Ana karɓar kuɗi ba rasit. Ana korar yaro daga aji don ubansa bai biya ba, alhali a takarda gudummawa ce ta ganin dama, ba haraji ba. Malamin iyaye ya yi wata uku bai ga ko sisi ba, ya shiga aji da yunwa, ya huce a kan yara da bulala, bulalar da dokar ilimi ta 1998 ta hana. Duk wannan gaskiya ne. Amma wa ya zaɓe su? Benci ukun nan. Wa zai sauke su? Sai ranar da bencina suka cika.

Matan da suka zo taron nan, Allah ya saka musu. Su ne suka tayar da maganar da ta fi kowace muhimmanci a ranar, wadda ba ta cikin takardar lissafi: makewayin makaranta ya cika, ƙofarsa ta karye, 'yan matan da suka fara girma ba sa iya shiga, wasu in al'adarsu ta zo sai su yi zamansu a gida. Wata ta ce ɗanta ba ya ganin allo daga baya, an ɗauka daƙiƙi ne. Wata ta ce yara na zuwa ba karin kumallo, kafin sha ɗaya sun kwanta a kan tebur. Irin wannan ba ya fitowa a takardar sakamako, sai wanda ya taka ya je ya gani. A wasu makarantu an kafa ƙungiyar iyaye mata, suna bin gidajen da aka cire yarinya suna lallashi. Amma da aka zo yanke abin da za a yi da kuɗi, sai suka ce sai sun tambayi masu gida. Masu gidan kuwa suna tasha.

Ba na neman kowa ya iya Faransanci kafin ya taimaki ɗansa. Wanda bai taɓa riƙe alkalami ba yana iya buɗe littafin yaro ya ga ko an yi rubutu yau, ya ga jan biro ya yi yawa ko bai yi ba. Yana iya tsayawa a ƙofar aji minti biyar ya gaisa da metir, ya karɓi lambarsa. Yaron da ya ga babansa a harabar makaranta ya san karatunsa ba wasa ba ne, malamin da ya san akwai mai zuwa tambaya shi ma yana gyara zama.

Saboda haka, duk mai yaro a lekol, musamman 'yan aji biyar da shida, ya buɗe akwati yau da dare ya duba ko akwai akta. In babu, Litinin da safe ya fara zuwa wurin direkta, daga nan ya wuce meri, kada ya aiki yaro, kada ya aiki ɗan kamasho. Mai jariri kuma ya ƙirga kwanakinsa tun kafin 90 su cika. Limamanmu, don Allah ku sa wannan a huɗubar Juma'a, ku riƙa tambaya a wurin raɗin suna. Taro na gaba kuma in an kira, a zo a cika bencin, a nemi littafin ma'aji, a yi zagin a gaban mai shi in akwai na yi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.