Amfanin Rijista Ta Uku

Ɗalibin da ya taso daga Katuru zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, darussa da yawa yake ɗauka, kowane darasi kuwa ɗalibai da yawa ke ɗaukarsa. Saboda haka, in za a kwashe sakamakon jarrabawa daga jadawalin Excel zuwa rumbun bayanai na intanet, ganganci ne a cusa darussan mutum cikin gurbi guda. Tsarin da Edgar Codd ya shimfiɗa a 1970 ya fi dacewa: rijistar ɗalibai daban, ta darussa daban, ta uku kuma ta haɗa lambobinsu da maki. Lallai a dogara ga lamba, domin suna yakan zo ɗaya. In aka yi sakaci, makin wani ya faɗa wa takwaransa, wahalar shekara ta tashi a banza.